Babu Gidan Mai a Sararin Samaniya

In mai ya ƙare wa mota tsakanin Zuba da Tafa, abin da zai sami direba bai wuce ɓacin rai da gunagunin fasinja ba. Sai ya gangara gefen hanya, ya sa dutse a taya, ya ɗauki galan ya tari mai babur, kafin a jima ya komo an ci gaba da tafiya. Direbobinmu sun saba da haka har wasu sun mai da shi gwaninta, ka ji mutum yana alfahari wai ya kai Kaduna a rizab. To, jirgin sama ba shi da gefen hanya. In man da ke cikinsa ya ƙare, inji ya yi shiru, abin da ya rage wa matuƙi shi ne ya zaɓi inda zai sauka cikin 'yan mintoci, ko gona, ko kwalta, ko rufin gidan wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne yawan ƙananan jirage da masu saukar ungulu da ke tashi daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe a Abuja. Gwamnoni da ministoci da manyan 'yan kasuwa, da ma'aikatan agaji, da jami'an tsaro, duk suna ɗaukar shatarsu, balle in kakar siyasa ta kama, lokacin da mutum ɗaya kan so ya yi taro a jihohi uku tsakanin hantsi da almuru. Galibin masu shiga waɗannan jirage sun ɗauka cewa batun mai ba abin tambaya ba ne, tun da dai akwai matuƙi mai takardar shaida, akwai injiniya, akwai hukuma. Rahotannin hukumar binciken haɗurra ta ƙasar nan, wadda hedkwatarta ke cikin filin jirgin na Abuja, sun nuna abin tambaya ne ƙwarai.

Mu ɗauki abin da ya faru ran 28 ga Agusta, 2020. Wani ƙaramin jirgi mai saukar ungulu samfurin Bell 206 na kamfanin Quorum Aviation ya taso daga Fatakwal zuwa Ikko da mutum uku a ciki. Saura ƙiris ya isa filin jirgin sama na Murtala Muhammed, sai ya rikito tsakanin gidaje a unguwar Opebi. Biyu suka rasu nan take, na ukun ya cika a asibiti. Allah ya tsare mutanen unguwa. Da yake wuta ba ta tashi ba, nan da nan labari ya bazu cewa matuƙin ne ya zubar da mansa a sama da gangan don kada gobara ta ci unguwar. Labari ne mai daɗin ji, kuma babu wanda zai ƙi a yabi mamaci.

Da hukumar bincike, wadda a lokacin Injiniya Akin Olateru ke shugabanta, ta fitar da rahotonta na farko cikin watan Satumba na shekarar, sai ta ce wannan jirgi ba shi da na'urar zubar da mai ko kaɗan, kuma da aka duba tankunansa bayan faɗuwar, ba a sami mai a ciki ba. Sa'an nan ta jera lokuta, waɗanda nake roƙon mai karatu ya bi su a hankali. An cika tankin jirgin ran 27 ga wata. Cikakken tanki yana riƙe shi awa 3 da minti 24. Bayan an cika, aka ta da injin ya yi aiki minti 10, aka kuma yi tashin gwaji na minti 20 a Fatakwal. Kashegari takardar tsarin tafiya ta ce akwai man awa 3 da minti 15, tafiyar kuwa awa 2 da minti 45 ce. An ta da inji ƙarfe 9:15 na safe, aka tashi ƙarfe 9:20, jirgin ya faɗi ƙarfe 12:14.

Lissafin da ya rage ɗan firamare zai iya yin sa a kan allo. Cire minti 30 na gwaji daga awa 3 da minti 24, saura awa 2 da minti 54. Daga ƙarfe 9:20 zuwa 12:14 kuwa, awa 2 da minti 54 ne cif. Na san inji mai aiki a ƙasa ba ya shan mai kamar mai tashi, saboda haka dacewar lambobin nan ba za ta zama daidai wa daida har ɗigo ba, amma ta isa ta nuna wa mai hankali inda gizo ya yi saƙa. A kan takarda akwai rarar rabin awa. A cikin tanki rarar ba ta kai minti 10 ba, kuma tafiyar da aka ƙiyasta ta ɗan zarce ƙiyasi, kamar yadda tafiya takan yi. Ban kawo wannan don in ci zarafin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ba. Na kawo shi ne domin labarin zubar da mai, duk da kyawunsa, ba ya hana wani jirgin faɗuwa gobe, lissafin hukuma kuwa yana iya hanawa.

Matuƙan jirage da agogo suke auna mai, wato awa nawa da minti nawa zai riƙe su a sama. Ƙaramin jirgi mai inji ɗaya irin Cessna 172, wanda ya fi kowane jirgi yawa a duniya, yana ɗaukar mai kamar lita 200 mai amfani, yana kuma shan tsakanin lita 30 da 40 a awa, gwargwadon yadda aka matsa masa. Nisan da zai ci da wannan mai kuwa iska ce ke yanke shi. In iska ta tunkaro shi ta gaba, tafiyar awa uku sai ta koma uku da rabi, inji kuma yana nan yana sha ba ruwansa. Saboda haka ne ƙa'idar Amurka, wadda ta yi daidai da ta hukumar jiragen sama ta duniya, watau ICAO, ta ce ƙaramin jirgin da ke tafiya da ganin ido ya tashi da man da zai kai shi inda za shi, da ƙarin na minti 30 in da rana ne, na minti 45 in da dare. Mai saukar ungulu an ce masa minti 20. Wannan ƙari shi ne mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda da shi, kuma malamai masu koyar da tuƙi da yawa kan ce wa ɗalibansu su sauka da man awa guda a tanki.

Mai karatu zai ce, to ai wannan kuskure ne na sabon shiga. Ba haka alƙaluma suka nuna ba. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2017 inda ta ce daga 2011 zuwa 2015 ana samun haɗarin ƙananan jirage fiye da 50 kowace shekara a ƙasar saboda rashin kula da mai. Kashi 56 cikin 100 man ne ya ƙare ƙaf. Kashi 35 kuwa man yana nan cikin jirgin, amma bai isa ga inji ba. Kusan rabin matuƙan da abin ya shafa masu takardar tuƙin haya ne ko ta manyan jirage, ɗalibai kuwa kashi 2 ne kacal. Ɗalibi yana jin tsoro, yana auna komai sau biyu, malaminsa kuma yana tsaye a kansa. Wanda ya bi hanya ɗaya sau ɗari shi ne kan ce ya san jirginsa, ba sai ya hau fiffike ya leƙa tanki ba. Sabo, in ji Hausawa, turken wawa.

Wannan kashi na biyu, na man da ke nan amma bai kai ga inji ba, shi ya fi ban takaici. Ƙananan jirage da yawa suna da tanki a kowane fiffike, da wani ɗan makunni da matuƙi ke juyawa daga tankin hagu zuwa na dama. In ya shagala, sai tanki ɗaya ya bushe, inji ya mutu, alhali ɗayan cike yake. John Denver, mashahurin mawaƙin nan na Amurka, ya mutu ran 12 ga Oktoba, 1997 a bakin tekun Kalifoniya cikin wani ƙaramin jirgi da bai daɗe da saye ba. Masu bincike sun gano ya tashi da mai kaɗan bai ƙara ba, kuma wanda ya ƙera jirgin ya sa makunnin sauya tanki a bayan kafaɗar matuƙi ta hagu. Wajen juyawa ya kai hannu gare shi, jirgin ya kuɓuce masa ya faɗa ruwa.

Ma'aunin mai na cikin ƙananan jirage, musamman tsofaffi, ba abin dogaro ba ne, don haka ake koya wa matuƙi ya buɗe murfin tanki da hannunsa, ya zura sandar awo, ya gani da idonsa. Ko da an auna ma, akwai tarkon ma'auni. Tankar mai tana sayarwa da lita, littafin jirgin da aka ƙera a Amurka yana magana da galan ɗin Amurka mai lita 3.8, galan ɗin Ingila da muka gada kuwa lita 4.5 ne, nauyi kuma wani da fam yake lissafi wani da kilo. Ran 23 ga Yuli, 1983 wani babban jirgi Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya ƙare da mai a tsakiyar tafiya, domin ana bukatar kilo 22,300, aka yi lissafi da fam, aka zuba abin da bai kai rabi ba. Kyaftin Robert Pearson ya lallaɓa da shi ba inji har ya sauke shi a wani tsohon filin sojan sama a Gimli, ba a rasa rai ko ɗaya ba cikin mutum 69. Kamfani ne babba, da injiniyoyi da matuƙa biyu, duk suka duba lambar ta wuce su.

Yanzu mu komo Abuja, domin a nan ne maganar ta fi shafarmu. Filin jirgin babban birnin tarayya titin sauka ɗaya ya dogara da shi tun da aka buɗe shi. Mun ga abin da hakan ke nufi a 2017, sa'ad da aka rufe shi mako shida daga ran 8 ga Maris don gyara, aka mai da jirage Kaduna. Wancan an shirya masa, an yi shela tun da wuri. Wanda ba a shirya masa ba shi ne irin na ran 11 ga Disamba, 2024, da jirgin kaya na kamfanin Allied Air ya zame daga kan titin wajen sauka, aka dakatar da sauka da tashi sai da aka share hanya. Duk jirgin da ke sama ya nufo Abuja a irin wannan sa'a, ko dai ya yi ta kewaye, ko ya juya wani filin. Ga kuma abin da matafiya suka sani sarai, na tsai da jirage in shugaban ƙasa ko wani babban baƙo zai tashi ko zai sauka. Babban jirgin fasinja yana da man jira da na juyawa a cikin tsarinsa. Ƙaramin jirgin da ya taso da rarar rabin awa, in aka ce masa ya dakata minti 25, ya shiga hannun Allah.

In ya ce zai juya, ina za shi? Minna ce mafi kusa, kilomita ɗari da 'yan kai. Kaduna da Jos kowannensu ya kusa kilomita 190, wato kusan awa guda ga jirgi irin Cessna 172. Filayen jirage da yawa a ƙasar nan kuma daga fitowar rana zuwa faɗuwarta suke aiki, in magariba ta yi sai a rufe. Da damina hadarin Abuja ba abin wasa ba ne. Iskar hadari ce ta kayar da jirgin ADC jim kaɗan bayan tashinsa ran 29 ga Oktoba, 2006, inda muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da mutane da yawa. Matuƙin kirki in ya tarar da hadari a kan fili ba zai kutsa ba, zai ja gefe ya jira, jiran nan kuwa da mai ake biyansa. Da hunturu sai hazo ya rufe Arewa, mutum yana bisa gari ba ya ganin garin.

Arewa ta taɓa ɗanɗana wannan. Ran 26 ga Yuni, 1991 jirgin Okada Air samfurin BAC 1-11 ya nufi Kano, yanayi ya hana shi sauka, ya juya Sakkwato, ya yi ta kewaye yana neman fili har man ya ƙare, ya faɗi a jeji kusa da gari. An yi asarar rayuka, ko da yake yawancin mutanen ciki sun tsira. Bayan shekara uku, ran 18 ga Satumba, 1994, irin wannan jirgi na Oriental Airlines da ya ɗauko 'yan ƙwallon Iwuanyanwu Nationale daga Tunis ya yi ta ƙoƙarin sauka a Tamanrasset ta Aljeriya cikin rashin gani har mai ya ƙare, mutum 5 suka mutu, biyu daga cikinsu 'yan wasa. Waɗannan jirage ne masu inji biyu da matuƙa biyu. In haka ta same su, ina ga ɗan ƙaramin da mutum ɗaya ke tuƙi, shi ne mai lissafi, shi ne mai magana da hasumiya, shi ne kuma mai ba mai gida haƙuri?

Mai gidan nan shi ne ɓangaren da rahotanni ba su cika ambata ba. Ƙaramin jirgi yana da iyakar nauyin da zai ɗaga, kuma mai nauyi ne, kowace lita ta kananzir ɗin jirgi kamar giram 800 ce. In mai shata ya iso filin jirgi da ƙarin mutum biyu da ba a san da su ba, da jakunkuna, da tsarabar da za a kai wa sarki, to ko dai a bar wani abu a ƙasa ko a rage mai. Matuƙin da albashinsa ke hannun wannan mutum, ko kamfanin da ke tsoron kada ciniki ya koma wajen wani, ba kullum ke da ƙarfin zuciyar cewa a'a ba. Haka kuma in an ce tashi ƙarfe 2, mai girma bai fito daga taro ba sai ƙarfe 5, tafiyar rana ta zama ta dare, lissafin safe ya rushe. Sa'an nan in matuƙi ya ce zai ya da zango a hanya ya sha mai, sai a ce ana jira, ba lokaci. Ni a ganina wanda ya yi wa matuƙi tsawa don ya ƙi tashi, ko don ya tsaya shan mai, yana da kaso cikin alhakin abin da ya biyo baya, ko sunansa bai fito a rahoto ba.

Tsadar mai da ƙarancinsa su ma suna tura mutane ga ganganci. A watan Mayu na 2022 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta ƙasar nan ta yi barazanar dakatar da aiki, tana cewa litar kananzir ɗin jirgi ta tashi daga Naira 190 zuwa Naira 700. Ƙananan jirage masu injin fistan kuwa wani fetur na musamman suke sha, mai launin shuɗi, wanda ba a kowane fili ake samunsa ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta karkata ga jiragen Diamond masu shan kananzir. Inda mai ya yi tsada a wannan fili ya yi araha a wancan, ko babu shi sam a inda za a sauka, sai zuciya ta fara raya wa mutum cewa abin da ke tanki zai kai.

Akwai kuma kunya. Matuƙi ya ga mansa ya yi ƙasa, amma ya ƙi faɗa wa hasumiya a fili, don gudun tambayoyi da rubuta rahoto da abin da abokan aiki za su ce. Ran 25 ga Janairu, 1990 jirgin Avianca daga Kolombiya ya yi jira fiye da awa guda a sararin Amurka kafin a ba shi izinin sauka a New York. Matuƙansa sun ce mansu yana ƙarewa, sun roƙi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar gaggawa da masu hasumiya ke jira su ji ba. Injuna suka mutu, mutum 73 suka halaka. Tun 2012 ICAO ta tsai da lafazi biyu da kowa zai gane. Na farko sanarwa ce cewa mai ya kai matsayin da ba za a iya ƙarin jira ba. Na biyu shi ne kiran Mayday sau uku tare da ambaton mai, wanda ke wajabta a share wa jirgin hanya. Ya kamata hukumominmu su tabbatar wa matuƙa cewa wanda ya yi wannan kira ya sauka lafiya za a bincika don a gyara, ba don a wulaƙanta shi ba, in ba haka ba kowa zai ci gaba da yin shiru yana addu'a.

A 2024 Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya kafa kwamiti kan masu jiragen kansu da ke yin haya a ɓoye ba tare da lasisin haya ba, hukumar NCAA kuma ta dakatar da izinin wasu. An fi maganar kuɗin shigar da gwamnati ke asara. Abin da ya fi damuna shi ne, jirgin da ke haya a ɓoye ba ya ƙarƙashin tsananin sa idon da ake yi wa kamfanin haya, babu tabbacin akwai wani ma'aikaci na biyu da ke duba lissafin man matuƙi kafin a tashi. Ina ganin ba zai gagari NCAA ba ta riƙa aika sufetocinta sashen ƙananan jirage na Abuja ba tare da sanarwa ba, su kwatanta rasiɗin tankar mai da abin da aka rubuta a takardar tsarin tafiya, su kuma tambayi abin da aka yi da jirgin tsakanin shan mai da tashi. Rasiɗi da takarda duk suna nan a ofis, ba sai an sayo wata na'ura daga waje ba.

Shi kuwa mai shata, kafin ya zauna ya ɗaura ɗamara, yana da ikon ya tambayi matuƙi man awa nawa ke cikin jirgin, tafiyar awa nawa ce, yaushe aka zuba man, kuma wane fili za a nufa in an tarar da na gaba a rufe. Matuƙin da ya yi aikinsa zai amsa cikin minti ɗaya, da lambobi, ba tare da ya ji haushi ba. In aka ce tafiyar Abuja zuwa Maiduguri ce kuma rarar ba ta kai awa ba, a nemi a tsaya Jos ko Bauci ko Gombe a ƙara, ko da taron zai fara ba a iso ba.